Jin Icce

Turmin gidanmu ya tsage a kakar nan. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma wani ne ya yi masa ganganci ba. Matar ɗana ce take surfen gero da hantsi, sai na ji muryar turmin ta canza, daga waccan mai zurfi da na saba ji ta koma wani ƙwas-ƙwas. Kafin in yi magana tsagar ta sauka tun daga baki har gindi, gero ya fara tsiyaya. Ita abin bai dame ta ba, ta ce dama ga inji a bakin layi, shi kuwa a faskara shi a hura wuta, kirya ce, za ta yi garwashi mai kyau. Ban yi mata faɗa ba, don ba ta san abin da ta taɓa ba. Na dai sa aka mirgino mani shi ƙofar ɗakina, kuma tun ranar nake zaune kusa da shi ina tuna abin da na daɗe ina gudun tunawa.

A ƙauyen da na tashi, can bayan Ruwan Godiya inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara, turmi ne ke sanar da mu gari ya waye. Da an sallame asuba za ka ji gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta fito gari ya ɗauka gaba ɗaya, 'yan mata na lugude suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin ta dawo. Kowane turmi da muryarsa. Iya, kakata ta wajen uba, tana kwance a ɗaki za ta ce wancan na gidan liman ne, wancan kuma na gidan mahauta, matarsu yau ta makara. Ba abin mamaki ba ne ta san su, don kusan dukansu daga zaurenmu suka fita. Mu masassaƙa ne: turmi, taɓarya, akushi, ƙotar hauya, allon karatu. Zaurenmu kullum cike yake da ɓawo da ƙamshin ɗanyen icce, kaji na tono a ciki. Yanzu in ka tashi da safe inji za ka ji yana tari, sai babura, sai waya na kuka a aljihun kowa. Dajin ma da nake faɗa babu shi, ɗan abin da ya rage can nesa kuwa ba mai iya shigarsa saboda halin da ake ciki.

Ni ne ɗan fari, kuma wanda ya san gidajenmu na wancan lokaci ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, na tashi a hannunta da hannun kakana, wanda nake ce wa Tsoho. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce a ce wa wancan ya kawo ruwa, ko da kuwa ni kaɗai ne a zauren. Ni ma in na hango shi tafe sai in sunkuyar da kai in raɓe, har na fi sanin takalminsa a kan fuskarsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a lokacin ba wanda yake jin nauyinta. Tsoho kuwa nawa ne. In ja gemunsa, in ɓoye masa goro, in ce Iya matata ce ya sakar mani ita, ya ce sai na fara iya ciyar da akuya tukuna. Abin da ya fi so shi ne in kwaikwaye shi. Yakan tara abokansa a zaure ya ce, "Kai, yi masu ni," sai in saɓa ɗan sanda, in karkace kafaɗar dama kamar yadda gatari ya karkatar da tasa, in yi tafiyarsa ta jan ƙafa, su yi ta dariya har da hawaye. Jika ya kwaikwayi kakansa ba laifi ba ne a wurinmu, haƙƙinsa ne.

Sana'armu a daji take farawa, da abin da su Tsoho ke kira jin icce. Ba kowace kirya ce turmi ba. Wata za ka gan ta ƙatuwa lafiyayya, ka sha wahalar kayar da ita, ka tarar cikinta rami ne. Wata kuma ba ta nuna ba, in ka sassaƙa ta shekara biyu ta tsage. Tsoho in ya isa gindin kirya sai ya tofa yawu a tafinsa ya murza, ya kewaya ta sau uku a hankali, ya tsaya ya ce, "Salamu alaikum," kamar ya zo gidan mutane. Daga nan ya ƙwanƙwasa da ƙeyar gatari, ya manna kunne, ya rufe ido, bakinsa na motsi. Wani lokaci ya ce, "To, to, to," ya fara sara. Sau da yawa kuwa sai ya shafa jikinta ya ce a bar ta, ba ta isa ba, mu wuce. Mukan yini mu gaida icce ashirin mu dawo ba mu sari ko ɗaya ba. In ya sara ma yakan bar kamu guda na kututture don ya sake toho. Na tambaye shi abin da yake ji, ya ce ba a faɗinsa, sai dai a sa kunnenka kusa da na wanda ya iya, icce bayan icce, har rani biyu ko uku, kuma kunnena bai yi ƙwari ba tukuna. Bai jira kunnen nawa ya yi ƙwari ba. Ciwon da ya kwantar da shi bai yi wata ba, kuma cikin maganganunsa na ƙarshe ya ce da Iya a gaya wa ubana ya ƙarasa mani.

A shekarar da ya rasu ne gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, kyauta, har da littafi da fensir. Kuɗin mai ne suka shigo ƙasa, kowa ya ji a jikinsa. Rufin kwano ya fara ƙyalli a ƙauye, samari suka tafi birni aikin gini suka dawo da rediyo da agogon da ba su iya dubawa ba, tasa da roba suka fara ture akushi. Aka gina mana ajujuwa a gefen gari, aka rataye tsohon wilin mota a tsamiya ya zama ƙararrawa, aka kwashe mu har mu da muka yi wa aji ɗaya girma. Muna aji uku aka turo mana sabon malami, saurayi siriri ɗan birni, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ga zafin nama ga yawan gumi. Shi ya raba mana mako. Bayan rubutu da lissafi, ranar Talata lambu, ranar Laraba kula da daji, ranar Alhamis wasan kwaikwayo. Iyaye suka ce wannan wane irin karatu ne, a ɗauke yaro daga gona a kai shi makaranta a koya masa noma? Mu dai yara kwanakin nan uku su ne makaranta a wurinmu, sauran haƙuri kawai muke yi da su.

Lambun yana gangaren rafi, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kowa da fangalinsa, da ɗan katako mai sunansa. Nan na fara ganin karas da latas, abin da Iya ta ɗanɗana ta tofar ta ce abincin zomo ne. Malam ya koya mana auna tazara da igiya, da haƙa rami a zuba bola da kashin shanu da toka a rufe har su ruɓe, da ban-ruwa da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa don kada ruwa ya tone iri. Shi yana da littafi, mu muna da hannu, saboda haka rabin lokaci shi ke koya mana, rabi mu ke gyara masa riƙon hauya. Hauyoyin da aka aiko daga ofis ƙotarsu ta katakon banza ce, mako biyu suka kakkarye. Wata Talata muka zo muka tarar da sababbin ƙotoci na marke jingine da ƙaya, an gyare su sumul, daidai hannun yara. Ba wanda ya ce ga wanda ya kawo, amma ni da na shafa ɗaya na san gizagon gidanmu ne. Daɗin da na ji ranar ban san inda zan kai shi ba, tunda ba zan iya zuwa in ce Baba na gode ba.

Laraba kuwa ranar tsoro ce. Ba a daɗe da fita daga babban farin nan da ya kashe shanu ba, mun ga mutanen arewa sun wuto da jakunansu da 'yan komatsansu, saboda haka da Malam ya zana taswira a allo ya ce hamada tana tahowa, kowace shekara tana cin ƙasa, ba mu yi musu ba. Ya ce icce ne katangar da ke tare ta, duk wanda ya sare icce ya buɗe mata ƙofa. Ya sa muka tattaro gwangwanayen madara muka shuka bedi, wanda wasu ke ce wa dalbejiya, kowa ya reni nasa. Gaskiya Malam ya faɗa, har gobe ban ce ƙarya ya yi ba. Sai dai a littafinsa mai gatari iri ɗaya ne, babu bambanci tsakanin mai ƙona daji da mutumin da zai gaida icce ashirin ya dawo hannu wofi. Ni kuma ba ni da bakin yi masa bayani, hasali ma kaina ya fara rabuwa biyu. In na dawo gida ranar Laraba na ji sautin gizago a zaure sai in ji kamar hamada a bayan gidanmu take tsugune.

Alhamis ce ranata. A lissafi ni ne na baya, amma in aka zo kwaikwayo ba mai ja da ni. Da ƙarshen zango ya matso Malam ya haɗa darussan uku wuri ɗaya, ya tsara wasan da za a yi gaban iyaye. Yara goma su ne itatuwa, kowa riƙe da reshe, kuma don a samu rassan sai da muka yi wa wata kanya aski, abin da ban lura da shi ba sai yanzu da nake tunawa. Wani zanƙalelen yaro aka lulluɓa wa buhunan algarara ya zama Hamada. Mai gatari zai shigo ya sassare itatuwa, Hamada ta rarrafo ta haɗiye gari, mutanen gari su kore shi da jifa, sannan 'yan makaranta su shigo da gwangwanayen bedi. Ni aka ba mai gatari. Gwajin farko na shigo ina zare ido ina kai sara ta ko'ina, Malam ya ce a'a, wannan ba mutum ba ne, in tuno wani mai saran icce da na sani in yi shi sak. Ban ko yi dogon tunani ba. Wa na sani in ba Tsoho ba, kuma wa ya fi ni haƙƙin yin sa? Na karkace kafaɗa, na tofa yawu, na kewaya yaro sau uku na yi masa sallama. Ajin ya kwashe da dariya, Malam ya buga tebur ya ce shi ke nan, kada in canza komai.

Ana saura kwana huɗu wasan Iya ta kira ni ɗaki. Ta ce ubana ya ce a gaya wa wancan, in an gama yankan dawa ya shirya, za su fara shiga daji. Ta jawo wani ɗan gatari daga ƙarƙashin gado, da sabuwar ƙota daidai hannuna. Shekara uku ina jiran wannan saƙo. Na yini da gatarin a hannu ina shafawa, kuma don tsabar murna na ce da shi zan yi wasan.

Aka yi taron bayan la'asar a gindin tsamiya. Maigari ya zo, malamin daji na gwamnati ya zo cikin kakinsa, ga kuma wani Alhaji baƙo da ya zo daga birni cikin doguwar mota, aka ce ƙasa ya zo dubawa, aka ba shi kujerar hedimasta. Mata na gefe guda, maza na tsaitsaye a baya. Ban san Baba ya zo ba, ban taɓa ganinsa a makarantar ba. Na shigo da tafiyar Tsoho, kafaɗa a karkace, ƙafa na jan ƙasa. Aka fara 'yar dariya. Na tofa yawu, na kewaya, na tsaya na yi sallama. Ina manna kunne a jikin yaron da ke matsayin icce sai wani mahauci daga baya ya ɗaga murya.

"Wallahi masassaƙi ne! Ku dube shi, ga shi nan tsaye, ɗan shi ya gama da shi!"

Taron gaba ɗaya ya juya baya, sannan ya juyo gare ni, dariya ta ɓarke irin wadda ban taɓa ji ba. Abin da ban sani ba, kuma duk garin ya sani, shi ne Baba haka yake tafiya, haka yake tofa yawu, haka yake yi wa icce sallama. A wurin ubansa ya koya, aiki ɗaya ya karkatar da su. Tsoho ya yi shekara uku a ƙasa, mutane sun fara mantawa da shi, wanda suke gani kullum shi ne Baba. Ni kaɗai ne a garin ban san tafiyar ubana ba, don ban taɓa ɗaga ido na kalle shi yana tafiya ba. Da ma a ce nan na tsaya. Amma dariya tana bugar da yaro, maganar mahaucin ma na ɗauka yabo ce. Na ƙara gishiri, na maimaita "To, to, to" har sau biyu, Alhaji baƙo ya riƙe ciki. Itatuwa suka zube, Hamada ta rarrafo, yara suka biyo ni da totuwar masara suna jifa suna ihun a kore shi. Ina gudu ina kewaya tsamiya sai na hangi bayan wani mutum yana fita daga filin shi kaɗai, kafaɗarsa ta dama a karkace, yana jan ƙafa. Ranar na fara ganin tafiyar ubana.

Bai ce mani komai ba, bai kuma ce wa kowa ba. Da ya dake ni da na ji sauƙi. Garin ne bai bar maganar ta mutu ba. Yara suka laƙaba masa Hamada. In ya wuce majalisa sai wani ya ƙwanƙwasa dakali ya kara kunne, a yi ƙasa-ƙasa da dariya, har mutumin ya koma bin bayan gari in zai je kasuwa. Aka gama yankan dawa, na wasa ɗan gatarina, na zauna a bakin zaure tun da sassafe. Ya fito da nasa a kafaɗa ya wuce ta gabana, bai ce a ce wa wancan ya taso ba. Washegari haka, jibi haka, har ranin ya ƙare. Na roƙi Iya ta ba shi haƙuri, ta gaya masa Tsoho na yi, ba shi ba. Ta ce, "In ce mashi mi? Ya ce maka ya yi hushi ne? Mutum bai ce an yi mashi laihi ba, ta ina zan shigo da ban haƙuri?" Malam da ya gane ɓarnar ya wanke ƙafa ya zo har zaure. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce ai wasan yara ne, ba komi, Allah ya ba da ladan koyarwa. Malam ya fito yana murna an sasanta. Ni da na san gidanmu na san ƙofar ce aka rufe da ladabi. Sau nawa na shirya magana a bakina, in na hango takalminsa sai ta narke.

Na ce wa kaina baɗi. Baɗi kuwa da rani sai ga manyan motoci sun sauke katafila biyu a bakin daji. Alhajin nan ne aka ba ƙasar, zai yi gonar zamani ta masara, da takardarsa da hatiminsa, malamin daji ma shi ya nuna masu iyaka. Suka ɗaura wata sarƙa mai kaurin cinya tsakanin katafilolin suka ja. Daga cikin aji muna jin itatuwa na kuka suna faɗuwa, ba ɗaya-ɗaya ba, jere-jere, tsuntsaye sun rufe sama, birai sun shigo har gonakin gari. Kiryoyin da Tsoho ya shafa ya ce a bar su ba su isa ba, duk suka tafi cikin abin da bai kai wata guda ba. Aka tara su tsibi-tsibi aka cinna wuta, hayaƙi ya yi makonni. Larabar farko Malam ya shigo aji ya ɗauki alli ya tsaya gaban allo ya daɗe, sannan ya ajiye ya ce mu je mu ba bedinmu ruwa. Muka jera muna tsiyaya wa 'yan tsirrai ruwa cikin gwangwanayen madara, ƙasa na girgiza a ƙarƙashinmu. Ban taɓa jin ni ba komai ba ne kamar ranar. Baba ya je wurin sau ɗaya, direbobin suka ce ya ɗebi iya son ransa tunda ƙonawa za a yi. Aka ce ya yini yana bin itatuwan da ke kwance yana ƙwanƙwasawa, gungume ɗaya ya zaɓa, shi ne turmin nan. Daga shi bai sake sassaƙa turmi ba, ya koma noma da ɗan gyaran ƙota. Gonar Alhaji kuwa damina huɗu ta yi, ruwa ya wanke ƙasar, taraktoci suka yi tsatsa inda aka bar su.

Ni karatu ya tafi da ni Ƙanƙara, daga nan gaba, na dawo ina koyarwa, na yi shekaru tsakanin Sabuwa da Damari ina zana wa 'ya'yan mutane taswirar hamada. Da na haifi nawa ɗan farin na sa wa kaina dokar kiran sunansa kullum, ko da mutane za su yi da ni. Tsakanina da Baba kuwa gaisuwa ce kawai, daga tsugune, ido a ƙasa. Fiye da shekara ashirin maganar tana zaune tsakaninmu. Sai wani hutu da na zo gida, Iya ta daɗe da rasuwa, shi kuma tsufa ya kama shi, kunnensa ya yi nauyi. Na same shi zaune a hantsi kusa da turmin nan, matan gida sun tafi suna. Na gaishe shi zan tashi sai ya yi magana, kuma wannan karon ba bango ya duba ba.

"Kai. Tahiyar nan da ka yi a makaranta, kana iya ta har yanzu?"

Na koma na tsuguna. Na ce, "Baba, don Allah ka gafarce ni, wallahi ba kai na yi ba."

"Na sani," ya ce. "Mutane ni suka gani, ni kuwa Tsoho na gani. Shekara ukku ina roƙon Allah ya nuna mani shi ko cikin mafarki, sai ga shi ya shigo hili da gatari. Har na ɗaga ƙafa in je in amshe mashi. Sai yara suka hau jifar shi."

Ya shafa bakin turmin. Ya ce dariyar gari ta yi masa ciwo, amma ba ita ta hana shi kai ni daji ba. Ni ne ya kasa kallo, in ya gan ni da gatari ubansa yake gani ana jifa. Ya ce wa kansa bari zuciyarsa ta kwanta, baɗi ya kai ni, bai san dajin ba zai jira shi ba. Sannan ya ce in tashi in yi masa shi.

Na tashi, ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Na karkace kafaɗa, na ja ƙafa, na tofa yawu, na kewaya turmin sau uku na yi masa sallama. Ya miƙo mani gizagonsa, na ƙwanƙwasa da ƙeyarsa, na manna kunne, na rufe ido. Da na buɗe sai na ga hawaye na bin gemunsa, yana kallona kai tsaye, kallon da bai taɓa yi mani ba tun da aka haife ni.

"Mi ka ji?"

"Ƙara kawai, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ba laifina ba ne, ba a koyo da mataccen icce, sai mai rai a tsaye, shi kuma ko da akwai dajin kunnensa ya riga ya tafi. Muka zauna kusa da turmin har matan suka dawo. Bai kai damina ta gaba ba.

Bedin da muka shuka suna nan a tsohuwar makarantar, sun zama manya, mutane na shan inuwarsu ba su san a gwangwanin madara suka fara ba. Ina jin daɗin ganinsu, amma ba a turmi da bedi. Na tambaya ko'ina, daga Faskari har Mabai, ko akwai sauran wanda ya iya jin icce, ana dai kallona. Abin da ya fi ci mani rai da tsagewar turmin nan shi ne nakan faki ido lokaci-lokaci in kewaya shi in ƙwanƙwasa in kara kunne, ko kwana goma kafin ya tsage na yi. Da Baba ne ko Tsoho, da sun ji tsagar tana tahowa tun bara, a ɗaure shi da fata a daina surfe a cikinsa. Ni ban ji komai ba.

Ashe jikata tana lura da ni, 'yar aji huɗu, wadda ta gaji bakina da ƙiriniyata. Jiya ta dawo daga makaranta da tsiron icce a baƙar leda, an ce kowa ya reni nasa. Ta ajiye shi, ta ce wa matan gida su tsaya ta yi masu Tsoho, sunan da take kirana da shi ke nan. Ta karkace kafaɗar dama, ni da ban taɓa yini da gatari a kafaɗa ba ban san haka nake tafiya ba. Ta ja ƙafa, ta kewaya fasasshen turmin sau uku, ta yi masa sallama, gida ya kwashe da dariya. Haƙƙinta ne, na so in taya su, dariyar ta ƙi fitowa. Ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta manna kunne, ta rufe ido, ta daɗe a haka har dariyar ta lafa. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Tsoho, wai mi ake ji?"

Na ce mata ban sani ba.